Hannun jarin sinima da na manyan kantuna bayan korona: ina lissafin ya karye?

Malam Usman, Jekadafari:
Assalamu alaikum jama'a. Daga ƙarshen 2020 zuwa 2022 matasa da dama a nan Gombe sun zuba kuɗi a hannun jarin gidajen sinima da manyan kantuna na Amurka da Ingila ta manhajojin waya. Lissafin da aka yi shi ne na mai ajiye masara a Tudun Hatsi: ka saya da kaka tana araha, ka fitar da damina ta yi tsada. Kulle ya karya farashi, an samo rigakafi, za a buɗe, farashi zai koma inda yake. An kuwa buɗe, jama'a sun koma kallo da sayayya, amma kuɗin mutane da yawa bai dawo ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa harkar da hannunsu su faɗa mana inda aka yi tuntuɓe, dalla-dalla, saboda ƙannenmu da ke shirin shiga yanzu.

Alhaji Babayo, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Malam. Masarar da ke rumbu ba wanda ke bin ta bashi, kamfani kuwa ana bin sa. A nan aka fara kuskure. Dubi Cineworld, kamfanin Ingila mai gidajen sinima na Regal a Amurka. Ya sayi Regal a 2018 kan dala biliyan 3.6, ya kuma ci bashi mai yawa don yin cinikin. Da kulle ya zo, tikiti ya tsaya cak, amma kuɗin ruwa da hayar gine-gine ba su tsaya ba. Masu gine-gine sun ɗaga ƙafa, sai dai ɗaga ƙafa ba yafiya ba ce, hayar tana taruwa. A Disamba 2021 wata kotu a Kanada ta ce ya biya Cineplex, kamfanin sinima na ƙasar, sama da dalar Kanada biliyan ɗaya saboda fasa cinikin da suka ƙulla. Zuwa Satumba 2022 ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi, da bashin kusan dala biliyan 5 a kansa, ban da haya.

Abin da nake so matasa su riƙe: yawancin gidajen sinimar ba su rufe ba. Ana ta nuna fim, ana sayar da gugguru. Masu bin bashi ne suka karɓe kamfanin a 2023, masu hannun jari suka tashi hannu rabbana. Idan kamfani ya karye, banki da masu takardun lamuni ake fara sallama, mai hannun jari shi ne na ƙarshen layi, kuma sau da yawa kafin a zo kansa tukunya ta ƙare. Saboda haka kafin ka kalli farashi, nemo lambobi uku a rahoton kamfanin: jimillar bashi, tsabar kuɗin da ke hannu, da abin da yake ƙonawa kowane wata, wato kuɗin da ke fita fiye da wanda ke shigowa. Raba na biyu da na uku, ka ga watannin da suka rage masa.

Hajiya Rabi, Tumfure:
Alhaji ya faɗi na bashi, bari in ƙara da abin da ya fi cin mutane ba su sani ba, wato ƙarin hannayen jari. AMC, kamfanin gidajen sinima na Amurka, bai karye ba kamar Cineworld, amma ku duba yadda ya tsira. Kafin annoba hannayen jarinsa wajen miliyan 100 ne. Zuwa tsakiyar 2021 sun haura miliyan 500. Gonar gado ce da magada biyar za su raba, aka wayi gari magadan sun zama ashirin da biyar, gonar kuma ba ta ƙara ko kunya ɗaya ba. Wanda ya ce «a 2019 farashinsa kaza ne, zai koma can» bai lura cewa ko cinikin ya dawo daidai, rabon kowane hannu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar ba.

Kuma ba a tsaya nan ba. A Agusta 2022 kamfanin ya fito da wani nau'in hannun jari mai suna APE, ɗaya ga kowane hannu da kake da shi. Mutane suka ga sabon abu a asusunsu suka ɗauka kyauta ce, alhali farashin na asalin ne ya rabu biyu. A Agusta 2023 aka haɗe su, aka dunƙule kowane hannu goma ya zama ɗaya. Mai hannu 200 ya ga 20. Wannan dunƙulewar ba ta rage maka komai a ranar, amma tana rikita ido: farashin da ka gani a jadawalin manhaja na shekarun baya an ninka shi, ba shi ne ka biya ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, a watan Yuni 2021, lokacin da farashin ya wuce dala 60, kamfanin da kansa ya rubuta a takardar sayar da sababbin hannaye cewa kada wanda ya saya sai wanda ya shirya yin asarar kuɗinsa. Gargaɗin na nan a fili, ba a karanta ba.

Abdulrahman, Pantami:
Hajiya, don Allah a ina ake ganin adadin hannayen? Manhajar da nake amfani da ita farashi kawai take nunawa.

Hajiya Rabi, Tumfure:
Ƙanena, kamfanin Amurka da ke kasuwar hannun jarinsu yana miƙa rahoton wata uku-uku mai suna 10-Q da na shekara mai suna 10-K, kyauta ake karanta su a shafin hukumar kula da kasuwarsu. Adadin yana shafin farko, can ƙasa. Buɗe na bana da na bara ka kwatanta. Idan ya ƙaru sosai ba tare da kamfanin ya sayi wata kadara ba, da kuɗin masu hannun jari ake cike rami.

Injiniya Danjuma, Bolari:
Ni dai ba zan yarda a ce kowa ya yi asara ba. Ranar 9 ga Nuwamba 2020 da kamfanin magani na Pfizer ya sanar da sakamakon rigakafinsa na korona, hannayen sinima sun yi tsalle a wuni ɗaya, kuma wanda ya shiga a lokacin ya fita cikin watanni huɗu zuwa bakwai ya ci riba mai kauri. Matsalar ita ce labari ya iso mana a makare. Sai da aka yi ta yayata GameStop, kamfanin shagunan wasannin bidiyo na Amurka, wanda hannun jarinsa ya taɓa dala 483 ranar 28 ga Janairu 2021, sannan yawancinmu suka buɗe asusu. Kasuwa tana cin labarin buɗewa tun kafin a buɗe. Ranar da ka ga layi a ƙofar sinima, an riga an saka wannan layin cikin farashi.

Cinikin ma bai dawo duka ba. Tikitin Amurka da Kanada ya haura dala biliyan 11 a 2019, ya faɗo wajen biliyan 2 a 2020, a 2023 ma wajen biliyan 9 ya tsaya. A da fim kan yi kusan kwana 90 a sinima kafin ya shiga gida, bayan annoba aka rage zuwa wajen 45. Kuma masu fim ke kwashe rabin kuɗin tikiti ko fiye, ribar mai gidan tana kan gugguru da lemo.

Kan sayen kansa: kasuwar New York tana buɗewa ƙarfe 2:30 na rana agogonmu daga Maris zuwa farkon Nuwamba, 3:30 a sauran watanni. Kada ka bar oda tun safe a kan «duk yadda ta kama». Minti sha biyar na farko farashi na hauka, za a cika maka a mafi tsada. Ka ƙayyade farashin da ka yarda da shi. Idan hannun jari yana tsalle sosai akan dakatar da cinikinsa na minti biyar, ga kuma matsalar sabis a nan, sai ka danna sayarwa ta ƙi tafiya.

Alhaji Sale, Babbar Kasuwa:
Na kantuna duk mai shago zai gane shi, sunansa kwantai. A 2021 mutanen Amurka na da kuɗin tallafi a hannu, suka yi ta sayen talabijin da kujeru da kayan gida. Kantuna suka ga kasuwa ta buɗe suka yi oda mai yawa, jiragen ruwa suka makara. Kafin kayan su iso, tsadar abinci da mai ta cinye aljihun mutane. A watan Mayu 2022 hannun jarin Target, babban kanti a Amurka, ya faɗi da kusan kashi 25 cikin ɗari a rana ɗaya, don kaya sun cika sito sai an karyar. Abin dubawa a rahoton kanti shi ne: kayan da ke sito sun fi ciniki saurin ƙaruwa? In haka ne, karyarwa na tafe, riba kuma za ta bi ta.

Na Bed Bath & Beyond, kantin kayan gida na Amurka, ya fi muni. Ciniki na raguwa, shi kuma yana kwasar kuɗi sama da dala biliyan ɗaya yana sayen hannayen jarinsa. Masu kawo masa kaya suka fara ja da baya, kantoci suka zama wayam, ya karye a Afrilu 2023, aka soke hannayen gaba ɗaya. Ɗan kasuwar da masu ba shi kaya bashi suka fara cewa sai kuɗi hannu, kun san saura.

Malama Hadiza, Federal Low Cost:
Ba a taɓo canji ba, kuma shi ke ɓoye asara. Misali: ka canji naira 50,000 a kan 500 a 2021, ka samu dala 100. Hannun jarin ya faɗi rabi, saura dala 50. A 2024 dala ta kai 1,500, ka cire naira 75,000, kana murna ka ci 25,000. Da ka bar dalar a ajiye, 150,000 ce. Ka rubuta lissafinka da dala, shafi guda, ranar saye da farashi da kuɗin dillali. Ka kuma duba tazarar farashin da manhaja ke sayar maka da dala da wanda take saye a hannunka, don sau biyu take cizo, shiga da fita. Rabon riba daga kamfanin Amurka ana cire masa harajin kashi 30 cikin ɗari kafin ya iso ga ɗan Najeriya, namu na gida kashi 10 ne. A tuna kuma a Agusta 2021 Babban Bankin Najeriya ya samo umarnin kotu na tsare asusun wasu daga cikin waɗannan manhajoji. Kuɗin makarantar yara ko na taki bai kamata ya kwana a inda takarda ɗaya za ta iya tsare shi ba.

Malam Adamu, Herwagana:
Akwai abin da ya kamata a fara tambaya kafin duk wannan. Ma'aunin da masu tantance hannun jari bisa shari'a suka fi amfani da shi yana duba sana'ar kamfani tukuna, sannan bashinsa mai ruwa kada ya wuce wajen kashi 30 cikin ɗari na darajarsa, kuɗin shiga da bai halatta ba kada ya wuce kashi 5, shi ma a fitar da shi sadaka. Gidajen sinima galibi tun a matakin farko suke faɗuwa, wasu ma suna sayar da giya. Abin lura shi ne ma'aunin bashin kaɗai da ya isa ya tare mutum daga Cineworld. Wanda kuma ya sayi hannun jari don sayarwa, zakkarsa ta kayan kasuwanci ce, kashi 2.5 cikin ɗari na darajarsa a ranar da shekara ta cika idan ya kai nisabi, ba na kuɗin da ya saya ba.

Abdulrahman, Pantami:
Na gode iyayena. Na buɗe rahotanni biyu na kamfanin da nake riƙe da shi kamar yadda Hajiya ta ce, adadin hannayen ya ƙaru ƙwarai cikin shekara guda. Alhaji Babayo, a wane shafi zan ga ranar da bashin zai cika a biya?

Alhaji Babayo, Tudun Wada:
Cikin bayanan da ke bin bayan lissafin kuɗi, akwai jadawalin rance shekara-shekara. Duba mai cika cikin wata 24 masu zuwa ka ajiye shi kusa da tsabar kuɗin da ke hannu. Ka duba kuɗin ruwan ma ko tsayayye ne ko mai bin kasuwa, domin daga Maris 2022 zuwa Yuli 2023 babban bankin Amurka ya ɗaga nasa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5, duk mai sabunta rance a lokacin ya ji a jikinsa. Turo lambobin mu duba tare bayan isha'i.