Tiyatar gyaran fuska bayan shekara sittin: ina neman shawara

Tsohuwar malama, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masu ilimi, na likitanci da na addini, a kan wani al'amari da ya daɗe yana yi mini kai-kawo a zuciya. Shekaruna 61, na yi ritaya daga aikin koyarwa, ina shan maganin hawan jini kullum, sannan likita ya ce sugana ya fara hawa, ko da yake bai kai ga ɗora ni a kan allura ba. A 'yan shekarun nan fatar saman idanuna ta saki ƙwarai, musamman ta hagu, har ta kai idan ina karatun Alƙur'ani da yamma sai na riƙa ɗaga gira kafin in ga layin sama da kyau, kuma goshina yakan yi ciwo saboda haka. Ban da wannan, kumatuna sun zubo, fatar wuyana ta tattare, ga kuma teɓar da haihuwa ta bar mini.

Babbar 'yata ta ce a Turkiyya ko Masar ana haɗa aikin gaba ɗaya, a ɗage fatar ido, a ja fatar fuska, a zuƙe kitsen ciki, mutum ya dawo gida cikin 'yan kwanaki, kuma ita da mijinta sun ce za su ɗauki nauyin tafiyar. Wata maƙwabciyata kuma ta ce ba sai an kai ga wuƙa ba, domin a nan cikin garin Kaduna akwai masu yin allurar da ke kwantar da tamoji. Ba zan ɓoye ba, ina son in ga fuskata ta ɗan dawo hayyacinta, amma ina tsoron abin da zai taɓa lafiyata, kuma na fi tsoron abin da zai taɓa addinina. Shin mai shekaruna da irin laluran da nake da su za ta iya jure wannan aiki? Kuma mene ne matsayinsa a shari'a?

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa

Wa alaikumus salam, Mama. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abubuwan da kika zayyana ba matsayinsu ɗaya ba a wurin likita, kuma haɗa su a aiki guda shi ne ɓangaren da ya fi tayar mini da hankali a cikin maganar.

Batun ido shi ne na farko, domin fatar da ta sauko har tana tare gani lalura ce da likitocin ido suka saba gyarawa. Wani lokaci fata ce ta yi yawa ta rufto, wani lokaci kuma naman da ke ɗaga murfin ido ne ya yi rauni, kuma kowanne da irin aikinsa. Tunda kin ce ɓangare ɗaya ya fi sauka, ya kamata a bincika sosai, saboda ciwon suga da wasu cututtukan jijiya suna iya sa murfin ido ɗaya ya faɗi. Muna da Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa a nan Kaduna, ta wajen Mando, inda za a auna faɗin ganinki, a duba ko akwai yanar ido ko hawan jinin ido, waɗanda suka yawaita a masu shekaru. Aikin fatar ido galibi ba ya buƙatar a sa mutum barci, wurin kawai ake kashewa da allura, kuma akan koma gida a ranar.

Jan fatar fuska da zuƙe kitse kuwa wani babi ne daban. Idan aka haɗa su, mutum zai kwashe sa'o'i da dama a kan teburin tiyata cikin maganin barci, kuma duk yadda lokacin ya ƙaru, haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa yana ƙaruwa. Idan gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kashe mutum nan take. Hawa jirgi na tsawon sa'o'i bayan aikin da 'yan kwanaki yana ƙara wannan haɗarin. Hawan jini shi ne babban abin da ke sa jini ya taru a ƙarƙashin fata bayan an ja fuska, suga kuma yana jinkirta warkewar rauni, yana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Sannan mu masu baƙar fata mun fi saurin yin tabon nan mai tashi ya yi tudu, wanda yakan fito a bayan kunne da ƙirji, kuma ta gefen kunne ake yanka idan za a ja fuska.

Kada a ɗauka kuɗi ko tsadar asibiti suna kawar da waɗannan abubuwa. Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa na wancan lokaci, ta rasu a watan Oktoba na 2005 a ƙasar Sifaniya bayan aikin zuƙe kitse, tana da shekara 59, kuma a 2009 wata kotu a Malaga ta samu likitan da laifin sakaci. Akwai kuma tambayar da masu tallan tafiya waje ba sa son a yi musu: idan ɗinki ya buɗe ko wuri ya ɗuri ruwa bayan an dawo gida, wa zai duba? Likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa, wanda ke nan kuma bai san abin da aka yi a ciki ba.

Game da allura, iri biyu ne aka fi sani. Na farko shi ne Botox, wani sinadari da ake samu daga ƙwayar cuta, yana sassauta naman da ke tattare goshi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wasu cututtukan ido a 1989, sannan don tamojin tsakanin gira a 2002. Aikinsa wata uku zuwa huɗu ne, sai a sake. A wurinki ma yana iya ƙara matsala, domin da naman goshi kike ɗaga girarki ki ga hanya, idan aka sassauta shi fatar za ta ƙara sauka. Ɗaya nau'in kuma ciko ne da ake tura wa ƙarƙashin fata, wanda idan ya shiga jijiyar jini yana iya kashe fatar wurin, har ma da makanta, duk da cewa hakan ba kasafai yake faruwa ba. Saboda haka allurar fuska ba aikin shagon kwalliya ba ne. Duk wanda zai taɓa ki, a tabbatar yana da rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, kuma ya ƙware a wannan fanni, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Ɗalibin ilimi, Tudun Wada

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki aikata. Malamai sun raba wannan mas'ala gida biyu: gyaran aibi ko lalura domin a mayar da gaɓa yadda take, da kuma sauya halitta lafiyayya domin neman ƙarin kyau. Hujjar kashi na farko ita ce hadisin sahabi Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka sare masa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce shi ya sa na zinariya. Hujjar kashi na biyu kuwa ita ce aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya yi alkawarin zai umarci mutane su sauya halittar Allah, da hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito a kan la'antar masu zanen jiki da masu tsige gira da masu goge haƙora domin yin wushirya. Malamai sun lura cewa goge haƙora a wancan zamani aiki ne da manyan mata suke yi domin su yi kama da 'yan mata, wanda ke nuna cewa mas'alar da muke tattaunawa tsohuwa ce.

Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan batu a ƙasar Malesiya a 2007. Ta halatta tiyatar da za ta dawo da aikin gaɓa ko ta gyara aibi, kamar tsagaggen leɓe da tabon ƙuna, ta kuma halatta zuƙe kitse idan ƙibar ta zama cuta kuma babu wata hanya, bisa sharaɗin a aminta daga cutarwa. Amma ta ce bai halatta a kawar da tamoji da tiyata ko da allura ba, sai idan abin ya zama rashin lafiya. A bisa wannan, gyaran fatar idon da ke tare miki gani magani ne kamar kowane magani, jan fuska domin ɓoye shekaru kuma yana ɓangaren da aka hana. Duk da haka, ki kai bayanin likita ga malamin da kika amince da shi, domin fatawa tana tafiya ne da halin mai tambaya.

Kada kuma a fahimci cewa addini ya hana tsoho ya gyara kansa. A ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, sai Annabi ya ce a sauya wannan furfura da wani abu, amma a guji baƙi. Shafa lalle halal ne, kwalli sunna ne, tsabta da turare da kyakkyawar sutura kuma abin so ne.

Gwaggo, Kawo

'Yar'uwa, na girme ki da 'yan shekaru, kuma ina so in taɓo abin da masu ilimi ba su taɓo ba. Babu abin kunya a cikin mace ta so fuskarta, ko da ta aurar da jikoki, kuma ba na jin daɗin yadda ake saurin cewa dattijuwa ta ƙi yarda da tsufa da zarar ta yi maganar jikinta, alhali dattijon da ya baƙanta gemunsa domin zai ƙara aure babu mai ce masa uffan. Da yawa daga cikin matan da na sani ba madubi ne ya fara damunsu ba. Wata kishiya aka yi mata sa'ar 'yarta, wata kuma a wurin biki aka ɗauke ta hoto da wayar da ke goge tamoji, ta ga kanta sumul, daga ranar ta daina yarda da fuskarta ta gaskiya. Irin wannan ciwo a zuciya yake, kuma wuƙar likita ba ta kaiwa can. Shi ya sa nake ganin ya kamata ki tambayi kanki cikin natsuwa ko ke ce kike so, ko kuwa 'yarki ce take so domin ƙaunar da take yi miki, kina jin nauyin mayar mata da kyauta.

Idan kuɗin nan a shirye suke, ni a ganina akwai wuraren da za su fi yin amfani. Haƙoran da suka zube suna sa kumatu su lotsa fiye da yadda shekaru ke yi, kuma gyaransu yana gyara cin abinci da magana. Tabarau da ya dace yana hana yawan tsuke ido. Tafiyar ƙafa da safe tana taimaka wa suga da hawan jini da teɓa a lokaci guda, man kaɗanya kuma bai gaza ba a lokacin hunturu, sa'ad da fata ke bushewa tamoji su ƙara fitowa. Waɗannan ba za su mayar da ke 'yar shekara arba'in ba, amma tiyatar ma ba ta tsayar da shekaru, domin fatar da aka ja tana ci gaba da saki.

Mai harhaɗa magunguna, Kakuri

Hajiya, ina goyon bayan abin da 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta faɗa, zan ƙara ne a kan abubuwan shafawa, domin su ne mutane suka fi kawo mana ƙorafi a kansu. Bayan ɗaukewar al'ada, fatar mace tana rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na sinadarin da ke riƙe ta a shekaru biyar na farko, shi ya sa sauyin yake zuwa kamar farat ɗaya. A daidai wannan lokaci ne wasu ke komawa ga mayukan haɗi da ake sayarwa a roba babu suna, da sunan gyaran fata, alhali bilicin ne. Yawancinsu suna ɗauke da maganin kumburi mai ƙarfi wanda ke sirantar da fata, yana fito da jijiyoyi da nankarwa, kuma idan aka daɗe ana shafa shi a jiki duka yana shiga jini ya ƙara hawan jini da suga. Wasu kuma suna da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, wanda hukumar NAFDAC ta haramta a kayan shafawa. Fatar da aka yi wa bilicin ba ta riƙe ɗinki da kyau, saboda haka duk mai amfani da irin wannan mai ta gaya wa likita gaskiya kafin kowace tiyata, ko da ta ido ce.

Haka nan dayis da baƙin lalle: sinadarin da ke sa su yi baƙi ƙirin yana jawo wa wasu ƙaiƙayi da kumburin fuska mai tsanani, ko da sun daɗe suna amfani da shi lafiya. A gwada kaɗan a bayan kunne, a jira kwana biyu kafin a shafa a kai. Idan za ki je wurin likitan ido, ki tafi da dukkan magungunan da kike sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya, musamman idan akwai asfirin ko wani mai tsinka jini, kuma kada ki dakatar da ko ɗaya daga cikinsu da kanki sai likitan da ya rubuta miki ya ce a dakatar.