Neman kalma: me za mu kira irin littattafan Jo Nesbø da Hausa?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai kalmar da ta tsaya mini a wuya tun makon jiya, na kawo ta nan mu taru mu warware.

Ƙanwata ce ta same ni da littafi a hannu, ta ce, "Yaya, wannan na mene ne? Soyayya ko yaƙi?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ga ba ni da kalma ɗaya da zan miƙa mata. Na ce labarin wani ɗan sanda ne da ke neman mai kashe mata. Ta ce ai wannan labarin na ba ta, ita layin littafin take tambaya. Kuma da gaskiyarta. In ka je wajen mai sayar da littattafai ka ce a ba ka na soyayya, ya san tarin da zai taɓa. Ka ce na yaƙi, ya sani. Na tarihi, na addini, na barkwanci, kowanne da sunansa. Wannan kuwa sai ka tsaya kana kwatance.

Littafin na Jo Nesbø ne, ɗan ƙasar Norwe, wanda ya fito a 2007 da sunan Snømannen, wato mutum-mutumin da yara ke ginawa da dusar ƙanƙara. Ga wanda bai san shi ba: an haife shi a Oslo a 1960, ya tashi a garin Molde, ya buga wa ƙungiyar garin ƙwallo har jijiyoyin gwiwarsa suka tsinke, ƙwallo ta ƙare. Ya karanta tattalin arziki a Bergen, ya yi dillancin hannun jari da rana, da dare kuma yana waƙa da ƙungiyarsa mai suna Di Derre. Littafinsa na farko ya fito a 1997, labarin ya faru ne a birnin Sydney na Ostireliya, kuma a nan aka fara haɗuwa da ɗan sandan nan nasa, Harry Hole. Da harshensu "Hule" ake cewa. Littafin ya ci lambar Riverton a gida, a 1998 kuma ya ci ta Glassnøkkelen, wadda ake ba gwanin wannan fanni a duk ƙasashen arewacin Turai. Zuwa 2022 littattafan Hole sun kai 13. An sayar da littattafan Nesbø sama da miliyan 50, an fassara su zuwa harsuna sama da 50, daga ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba.

Mutumin da aikinsa ya kai nan, ya kamata a ce in za mu yi maganarsa da Hausa muna da sunan sana'arsa.

Da Turanci crime fiction ake cewa. Su mutanen Norwe sun gutsure tasu kalmar, kriminalroman, sun ce krim, gaɓa ɗaya tak. Kuma kalmar ta zauna a bakinsu har ta haifi wata, påskekrim, wato krim ɗin hutun Ista. Asalinta abin sha'awa ne. A 1923 kamfanin ɗab'i na Gyldendal ya sa tallar wani littafi a shafin farko na jaridar Aftenposten, aka rubuta ta kamar kanun labari, cewa an yi wa jirgin ƙasan Bergen fashi daren jiya. Mutane suka ɗauka gaskiya ne, littafin ya yi kasuwa. Tun daga nan in hutun Ista ya zo sai iyali su tafi bukkokinsu na kan duwatsu da irin waɗannan littattafai, talabijin na nuna irinsu, har a jikin kwalin madara ana buga ɗan labari a ce mai sha ya gano mai laifin.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, kusan kowace al'umma daga cikin gidanta ta samo sunan. Italiyawa suna cewa giallo, wato rawaya, don kawai kamfanin Mondadori ya fara buga su a 1929 da bango ruwan ɗorawa. Faransawa suna da polar, suna da noir, baƙi, kuma jerin Série noire na kamfanin Gallimard da ya soma a 1945 ya ƙara kafa wannan sunan. Larabawa suka ce riwaya bulisiyya. Babu wanda ya jira ƙamus ya ba shi izini.

To ga abin da na fara gwadawa. "Littafin laifi." Ita ce fassara kai tsaye, kuma ita ce ta fi rauni. Laifi a bakin Bahaushe ya yi faɗi da yawa: yaron da ya fasa kofi ya yi laifi, "ba laifi" kuma gaisuwa ce ta yau da kullum. Sannan wanda ya ji "littafin laifi" zai ɗauka littafin ne laifin, irin wanda ake ɓoyewa ƙarƙashin katifa. "Littafin 'yan sanda" ya fi, amma sai ka ga kamar rajistar da ke kan kanta a caji ofis. Kuma ba kowane irin labarin nan ne ɗan sanda ke jan sa ba, wani ɗan jarida ne, wani lauya, wani ma tsohuwa ce mai lura. "Littafin bincike" kuwa 'yan jami'a sun riga sun riƙe ta, duk wanda ya ji zai tuna kundin digiri.

Shawarata ita ce: littafin bin sawu.

Ina yaro, a ƙauyen kakannina, an kwance wa wani maƙwabcinmu san noma cikin dare. Da asuba aka je aka ɗauko wani dattijo da aka san shi da wannan aiki. Bai yi wa kowa magana ba. Abin da ya fara yi shi ne ya kore mu daga bakin turke, don kada mu tattake wurin. Ya tsuguna, ya daɗe yana duban ƙasa, sannan ya sa aka kawo masa ƙwarya ya kife ta a kan wani sawu guda don kada iska ta share shi. Ya ce mutum biyu ne, ɗaya da takalmin roba wanda dugadugansa suka cinye ta gefe, ɗaya kuma ƙafa ba takalmi, kuma shi ne ya ja san. Mu da muke tsaye rairayi kawai muke gani. Suka bi ta bayan gari, mu yara aka maido mu daga bakin rafi.

Duk lokacin da nake karanta Harry Hole ya shiga ɗakin da aka yi kisa, ya hana kowa taɓa komai, ya tsaya shiru yana kallo, wannan dattijon nake gani. Can dusar ƙanƙara ce ke riƙe sawu kuma ita ke binne shi, nan rairayi da iska. Aikin ɗaya ne. Abin da ke hana mai karatu barci ba kisan ba ne, don kisan tun shafukan farko an gama shi. Bin ne ke riƙe shi.

Kuma ku duba yadda kalmar ta zo da danginta, ba sai mun ƙirƙira musu komai ba. Mai laifi yana ɓad da sawu. Bawan Allah da tsautsayi ya kai shi wurin, aka kama shi ba shi ya yi ba, ya taka sawun ɓarawo, kuma babu littafin irin wannan da ba shi da mutum biyu ko uku da suka taka sawun ɓarawo kafin a kai ga na gaskiya. Kisan da kansa sai sawu ya ɗauke ake yin sa. Harshen ya riga ya tanadi kayan aikin wannan adabi, sunan ne kawai ba mu sa ba.

Bayan na kawo wannan shawara, wasu a zauren sun yi tsokaci, bari in amsa musu. Malam, na ga gyaranka, Allah ya ƙara basira. Ka ce "bin sawu" na iya nufin kwaikwayo, kamar a ce wane ya bi sawun mahaifinsa, don haka mai ji zai iya ɗauka littafin koyi da magabata ne. Wannan gaskiya ne, kuma abin ya ƙara cakuɗewa da yake da yawa muna haɗa sawu na ƙafa da sahu na salla a rubutu. Amma ina ganin in aka ce bin sawu irin na koyi, kullum sai an faɗi na wa: sawun wane. In aka bar ta tsirara, bin sawu kawai, hankali ga ɓarawo yake tafiya. Ka ba da "bin diddigi" a madadi. Na juya ta sosai. Kalma ce mai kyau, sai dai 'yan jarida sun sa ta aiki, yanzu in ka ce bin diddigi mutane rahoton tantance labari ko binciken kuɗin gwamnati suke tunawa. Na fi so a bar musu ita.

Ɗan'uwa daga Damagaram ya ce su can da Faransanci suka san abin, polar ko roman policier, kuma ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi: in jarumin shi ne ɓarawon fa? Madalla. Nesbø da kansa yana da irin wannan, Hodejegerne na 2008, wanda aka yi fim ɗinsa a 2011. Jarumin mai nemo wa manyan kamfanoni shugabanni ne, a ɓoye kuma yana sace zane-zane masu tsada daga gidajen mutanen da yake tantancewa. Ya je ya taɓa kayan wani tsohon soja wanda horonsa kenan, farautar mutum. Daga nan har ƙarshe gudu yake ana bin sa. Ka ga sawu bai ɓace ba, gefe kawai aka sauya mana: maimakon mu tsaya bayan mai bi, an ajiye mu cikin takalmin wanda ake bi. Sunan ya ɗauki wannan ba tare da an matsa masa ba. "Littafin 'yan sanda" da tuni ya karye a nan.

Akwai dalili ɗaya kuma da ya fi duk waɗannan zama a raina. Littafin da ya ɗaga Nesbø a gida shi ne Rødstrupe na 2000, wanda masu karatu a Norwe suka zaɓa a 2004 a matsayin krim mafi kyau da aka taɓa rubutawa a ƙasar. Hole yana bin wata bindiga da aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, sai sawun ya wuce Oslo ta yau, ya koma shekarun da Jamus ta mamaye Norwe, 1940 zuwa 1945, ya kai ga samarin ƙasar da suka sa kakin Jamus suka je yaƙar Rasha a kusa da Leningrad. Mahaifin marubucin yana cikin waɗannan samari, ya yi zaman kurkuku bayan yaƙi saboda haka, kuma Nesbø bai ɓoye ba, ya sha faɗa a fili. Mutum ya bi sawu, sawun ya shiga gidansu, bai juya ba. Tun kafin shi ma haka marubutan wannan fanni a arewacin Turai suke: Sjöwall da Wahlöö na Suwidin sun rubuta littattafai 10 tsakanin 1965 da 1975, suna amfani da binciken kisa don su leƙa cikin al'ummar da duniya ke yi wa kallon ba ta da matsala. Ina son sunan da za mu sa ya iya ɗaukar wannan nauyin, ya nuna cewa ana farawa daga gawa ɗaya a ƙare a tsakar gidan al'umma.

Hajiya, ke kuma kin ce me zai hana mu ari krim ɗin kawai, yadda muka ari fim da kwamfuta. Ba na ƙin aro, rabin kayan ɗakinmu sunan aro ne. Amma bakin Bahaushe ba ya haɗa baƙaƙe biyu a farkon kalma, dole ta zama kirim, kuma kirim ya riga ya zama man shafawa. Fim da kwamfuta baƙi ne suka zo da sunansu. Wannan kuwa mun san aikin tun kafin boko.

Wani ya tambayi kalmar bestseller. Wannan ba ta buƙatar zama, muna da ita: littafi ya yi kasuwa.

Saboda haka ga inda na tsaya, sai in wani ya zo da abin da ya fi. Littafin bin sawu, jam'i littattafan bin sawu. Jo Nesbø marubucin bin sawu ne. Harry Hole mai bin sawu ne, in ana maganar matsayinsa a labari, in kuma aikinsa na gwamnati ake nufi, ɗan sandan ciki. Fim ɗin bin sawu ma ya zauna daidai. Na gwada ta a kan ƙanwar tawa ba tare da wani bayani ba, na ce na bin sawu ne, sai ta ce, "Au, irin wanda sai a ƙarshe ake gane wanda ya yi?"

Saura guda ɗaya da ta gagare ni, ita ce noir, wadda ake liƙa wa littattafan arewacin Turai a ce Nordic noir. Ana nufin labarin da ko an kama mai laifi zuciya ba ta yin sanyi, mai binciken da kansa a jikkace yake, kamar Hole da giya ta hana shi zaman lafiya da kowa. "Baƙin labari" ba zai yiwu ba, wannan saƙon rasuwa ne. "Baƙin littafi" kuma kamar kundin da ake rubuta sunan waɗanda aka yi wa fushi. Na rubuta "bin sawu mai duhu" na ajiye, amma ban gamsu ba. Mutanen Sakkwato da Katsina da Maraɗi, ku tambayar mana tsofaffi, me suke ce wa tatsuniya ko labarin da ya ƙare ba daɗi, wanda in an gama kowa sai ya yi tsit?