Dan Allah ku taimaka, saura sati 5 bikina amma jikina sai raɗaɗi yake tunda na fara dirza

Amaryar Gobe: Assalamu alaikum matan gidan nan, dan Allah a yi haƙuri da tsawon rubutuna. Ni 'yar Funtuwa ce, shekarata uku a Legas wajen yayata a Agege ina taya ta ɗinki. Lokacin da nazo ni ba fara bace amma wankan tarwaɗa ce mai kyau kowa ya sani. To an sa ranata, angon yana harkar albasa a kasuwar Mile 12, mutumin kirki ne wlh bai taɓa ce min komai akan kalata ba. Ranar da suka kawo kayan sa rana gwaggonsa ta kalle ni sama da ƙasa tace oh Legas ta dafar da yarinyar nan, a gaban kowa har ƙawayen yayata, alhali ranar tun asuba nake bakin murhu ga ba wuta ga zafi, ko hoda ban samu na shafa ba saboda mai kwalliyar da muka kira gosulo ya riƙe ta a Oshodi. Na shiga ɗaki nayi kuka na gode Allah, yayata tace in share amma maganar taƙi barin raina.

Shine wata ƙawata ta bani haɗi, suga da garin kofi da kurkur da zuma da lemon tsami, na sayi dogon soson ragar nan da ake cewa soson Gana. Safe da dare nake dirza kusan minti 20, in na ɗauraye in bi da tausa da man zaitun. Satin farko jikina laushi kamar na jariri. Yau kwana 19, wuyana da gwiwoyina sun ƙara baƙi, ƙirji da cinya ƙananan ƙuraje, in zufa ta taɓa wajen kamar an barbaɗa barkono, jiya a cikin motar haya ta danfo sai da nayi hawaye. In ƙara ƙarfin dirzar ne ko haɗin zan canza?

Hajiya Falmata Mai Dilka: Ɗiyata wa ya ce miki ana gyaran amarya da kofi? Kofi na sha ne. Ki jefar da soson nan yau, mu a Maiduguri ba ma kai soso jikin amarya, tafin hannu ne kawai. Dilka ake shafawa a barta ta ɗan sha iska, sannan a murza a hankali har ta dinga zubowa tare da matacciyar fata, a bi da tausa daga ƙafa a yo sama, a rufe ki da bargo ki sha hayaƙin turare. Amma kafin nan sai anyi halawa an cire gashi. Kwana 14 nake yiwa amare, shekarata sama da 20 a wannan sana'a, daga Idi-Araba har Obalende ba wanda bai san hannuna ba. Raɗaɗin nan da kike ji dauɗa ce take fita, kar ya tsorata ki.

Maman Sudais: Ni fa ina ganin ruwa ne. Wane ruwa kike wanka dashi? Mu nan Ijora ruwan rijiyar gidanmu in kin tara a bokiti da safe zaki ga ja ya kwanta a ƙasa, sabulu ma baya kumfa. Yarana duk sun yi ƙuraje, munyi magana da mai gidan har mun gaji, kuɗin haya ne kawai ya iya ƙarawa, bana ma ya ƙara. Yanzu ruwan 'yan garuwa nake saya na wanka daban na wanki daban, shi kuma Baban Sudais gani yake ɓarnar kuɗi ce, ranar har cewa yayi wai a ƙauyenku ruwan me kuke wanka dashi.

Sista Rabi: Ƙanwata ni nas ce, ki saurare ni. Ki ajiye komai, soso da haɗin, na sati biyu aƙalla. Saman fatar mutum akwai wani siririn rufi da yake riƙe danshi ya tare ƙwayoyin cuta, shi kika kankare, shi yasa zufa take miki zafi. Fata da kanta take zubar da tsohuwa ta fito da sabuwa, wajen sati huɗu take ɗauka, ke kuma kina kankara sau biyu kullum, yaushe zata huta? Kuma irin fatarmu in aka dame ta da gurza ƙara baƙi take yi don kare kanta, gwiwarki ba dauɗa bace. Lemon tsami kuwa in ya zauna a fata aka shiga rana ƙuna yake yi ya bar tabo. Mai lafiyayyar fata ma sau ɗaya ko biyu a sati ya isa, da hannu, a hankali. Yanzu ruwa mai ɗumi kaɗan ba mai zafi ba, sabulu marar ƙarfi, ki dangwala tawul kar ki goga, ki shafa man kaɗanya ɗan kaɗan tun jikin da danshi. Halawa ko dilka a kan fatar da take a ɗaye kuwa a'a, Hajiya ki yi haƙuri. Wuyan kuma in baƙin yayi kauri yana da laushi kamar karan-miski to a gwada miki suga, irin wannan ko shekara kikayi kina dirza baya fita. Wane mai kike shafawa bayan zaitun ɗin?

Amaryar Gobe: Nagode Sista amma gaskiya sati biyu ba komai yayi yawa, saura min sati uku kenan, kuma ai satin farko yayi min aiki kowa sai da ya tanka a shago. Ƙawar tawa da haɗin tayi nata bikin ba abinda ya same ta. Ruwanmu na bohol ne Maman Sudais, yayata ma dashi take wanka lafiya lau. Mai kuma wani ne nake saya wajen wata mata a Balogun, ita take haɗawa da kanta, ba bilicin bane na gyara kala ne kawai.

Sista Rabi: Akwai suna a jikin robar? Akwai lambar NAFDAC? Tun yaushe kike shafawa?

Amaryar Gobe: Babu rubutu, farar roba ce. Wata biyar haka. Amma ai tun kafin in fara dirzar nake shafa shi kuma bai min komai ba, don haka ba shi bane.

Sista Rabi: Innalillahi, to ai da wannan zaki fara mana bayani. Irin waɗannan haɗe-haɗen sau da yawa ana zuba musu sinadarai masu ƙarfi irin su sitiroyid ko haidirokwinon, su suke sa fata tayi siriri, nanƙarwa ta fito, gwiwa da gaɓoɓin yatsu su fi sauran jiki baƙi. A 2023 NAFDAC da kanta ta ce bilicin ya zama matsalar gaggawa ta lafiya a ƙasar nan. Wata biyar fatarki na sirancewa sannan kika ɗora mata soso da lemo. Ki ɗauki robar ki je ɓangaren likitan fata a asibitin koyarwa na LUTH nan Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja da ya fi kusa dake, su zasu gaya miki yadda zaki janye shi, don wani in an yanke lokaci ɗaya fatar ƙara borewa take.

Hajiya Falmata Mai Dilka: Sista da girmanki amma kowa da gonarsa. Amarya saura mata sati 5 ki tura ta layin kati? Na gyara waɗanda suka fi ta lalacewa, akwai wadda aka kawo min daga Alaba Rago fuskarta kala biyu, ranar ɗaurin aure uwarta sai da ta rungume ni. Dilkata ba kemikal a ciki, gari ne da kurkur da mai da turare, kakanninmu da ita suka yi aure ba likitan da ya duba su. Man Balogun ɗin ne kawai na yarda ta bari, nawa zan bata.

Ummu Khairat: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba, gwaggon ce. Tun ba a ɗaura ba ta fara? Yau kala, gobe girki, jibi haihuwa. Ni ranar da aka kai ni ƙanwar mijina tace hannuna kamar na mai dakan taya, shekara 9 kenan ina ji a raina, duk sallah sai ta sami abin faɗa, bara ma akan labule ne. Kar ki ɓata jikinki saboda bakin dangin miji, ba cika yake ba.

Maman Sudais: Wlh Ummu Khairat kamar kin san tawa uwar mijin.

Aisha Ketu: Maƙociyata Bayarabiya sabulun baƙi kawai take wanka dashi, irin Dudu-Osun ɗin nan, sai ori wato man kaɗanyarmu, ta haura 50 amma jikinta sumul. Ki gwada.

Sista Rabi: Sabulun baƙi yana busar da fata, ba yanzu ba sai ta warke.

Hajiya Falmata Mai Dilka: To komai ba yanzu ba, sai ranar bikin kenan.

Amaryar Gobe: Nagode muku duka Allah ya bar zumunci. Ummu Khairat ba don gwaggon kaɗai bane nima ina so in fito da kyau, sau ɗaya ake yi. Asibitin zan gani in yayata ta barni, ɗinkin anko ya mana yawa wannan satin. Yanzu in na cire lemon tsamin na koma sau ɗaya a rana da daddare kawai ba laifi ko? Man kuma saura kaɗan a robar bari ya ƙare, kuɗi na sa. Hajiya nawa kike yin na kwana 7?

Hajiya Falmata Mai Dilka: Na kwana 7 baya kama jiki ɗiyata. Ki min magana ta gefe.

Maman Sudais: Wai dan Allah nawa kuke sayen jarkar ruwa a Agege yanzu?