Masu neman aiki a Kano: wanda ya fita ya faɗa mana ta inda ya bi

Mai buɗe zancen, daga Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata goma sha huɗu ke nan da na gama bautar ƙasa, alawi ya tsaya, ina zaune a gida. Na zaga Bompai da Sharaɗa ina miƙa wa masu gadi ambulan ɗin takarduna, har yau ko fulashin ba a yi mini ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin adaidaita sahu kaɗai ya isa ya hana mutum fita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da girmana in karɓi kuɗin kati a hannun Umma. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗi abin da ya yi da kansa.

Wani daga Fagge:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka daina ba maigadi takardunka, yawanci a ɗakinsa suke ƙarewa. Ni akanta na karanta, na yi shekara biyu ina wannan zagayen. Ran nan Kawu ya ce in riƙa zuwa shagon amininsa a Kantin Kwari, ko ba komai in rage zaman majalisa. Na tafi ina jin kunya, kada abokan karatu su gan ni ina kwance dilar atamfa.

A sati na biyu Alhaji ya miƙo mini littafin bashi ya ce in duba masa wani kwastoma. Littafi ne mai baƙin bango, duk ya sha maiƙo, wani shafin da biro, wani da fensir, wasu sunayen ma laƙabi ne kawai. Na roƙe shi ya bar ni in tafi da shi gida. Kwana huɗu na yi ina shigar da shi manhajar lissafi ta Excel a tsohuwar kwamfutata. Da na kawo masa, sai ga bashin mutum uku da ya manta da su sam. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira ya zo ya gani. Kafin azumi shago huɗu nake riƙe wa lissafi. Manajan wani kamfani da ke kawo musu kaya ya ga irin takardar da nake fitarwa, ya tambayi wa ke yi. Yau shekarata uku a wajensu, kuma sai da aka gama magana sannan suka ce in kawo shaidar digirina.

Wata daga Gwale:
Ni ina cikin rukunin farko na N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, na 2016, ana ba mu dubu 30 muna koyarwa a firamare. Da aka sallame mu a 2020 na rasa inda zan sa kaina. Wata makarantar kuɗi a unguwarmu na je, na ce wa shugabar, "Hajiya, ki ba ni aji ɗaya na sati guda, ba sai kin biya ni ba." Ta zauna a bencin baya tana kallo ina koyar da lissafi. Ranar Alhamis ta ce in dawo Litinin. Shawarata: a wajen biki ko suna kada ka ce "ina neman aiki" kawai. Faɗi ainihin abin da ka iya, don Goggo ta san abin da za ta gaya wa mijin ƙawarta.

Wani daga Hotoro:
Ni dai gargaɗi na zo yi. Wani ya karɓi dubu 150 a hannuna, wai zai samo mini ofa a wata hukumar tarayya. Keken ɗinkin Yaya aka sayar aka haɗa kuɗin. Takardar da ya kawo ta bogi ce, lambarsa kuma a kashe har yau. Duk wanda ya ce ka biya kafin intabiyu, rabu da shi.

Wata daga Tarauni:
Kada a raina intanet. Ta Jobberman, shafin da ake sanar da guraben aiki, na ga aikin da nake yi yanzu, amma sai da na daina tura takarda iri ɗaya ga kowa. Kowace sanarwa nakan karanta ta sau biyu, in gyara bayanina ya dace da ita, shafi ɗaya tak. Ka kuma buɗe imel da cikakken sunanka. Intabiyu da Turanci ake yi, don haka kullum bayan isha'i ƙanwata ce ke yi mini tambayoyi ina amsawa da ƙarfi.

Wani dattijo daga Gwammaja:
Yarana, a faɗi gaskiya, ɗan wane yana samun aiki yana kwance a ɗaki. Na yi shekara 35 a aikin gwamnati, na gani da idona. Amma duk yaron da na taɓa kai wa wani da hannuna, sai da na fara ganinsa yana wani abin, ko da gyaran waya ne a Farm Centre.

Mai buɗe zancen:
Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Akwai ɗan ƙanen Abba da ke harkar riɗi a Dawanau, ya sha cewa in leƙo ina noƙewa. Na kira shi ɗazu, ya ce in zo ranar Asabar da sassafe. Yaya na Fagge, don Allah yaya ka tsara shafin bashin nan, suna ne farko ko kwanan wata?