Neman shawara: ƙa'idar jifa a wasan ƙwallon ƙafa

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15, kuma a wasanmu na baya alƙalin wasa ya ƙwace mana jifa har sau uku ya ba abokan karawarmu, yana cewa yaron da ke jefawa ya taka layi. Yaron ya karaya ƙwarai, ni kuma na kasa ba shi gamsasshen bayani. Shin taka layin gefe laifi ne?

Wani tsohon alƙalin wasa: Wa alaikumus salam, malam. Taka layi ba laifi ba ne. Doka ta 15 cikin dokokin IFAB, wato hukumar da ke tsara dokokin wasan ƙwallon ƙafa a duniya, ta bukaci mai jifa ya fuskanci fili, ya riƙe ƙwallo da hannu biyu, ya ɗauko ta daga bayan kansa ta bi ta samansa, sannan wani sashe na kowace ƙafarsa ya kasance a kan layi ko a ƙasa a wajen layin. Inda nake zargin matsalar take shi ne, yara kan ɗora diddige a kan layi, yatsu suna cikin fili, to da zarar sun yunƙura diddigen ya ɗaga, sai ya zama ƙafar gaba ɗaya tana cikin fili, kuma a nan alƙali yana da gaskiya. Ka sa yaron ya riƙa tsayawa taki ɗaya a bayan layi, idan kuma da gudu yake zuwa, ya ja yatsun ƙafar baya a ƙasa har ƙwallon ta bar hannunsa.

Wani mai horarwa: Malam ya gama magana kan ƙafa. Abin da zan ƙara, wanda masu horarwa da yawa ke sakaci da shi, shi ne babu satar gida ga wanda ya karɓi ƙwallo kai tsaye daga jifa, don haka ɗan gabanka zai iya laɓewa bayan masu tsaron baya. Sai dai ba a cin ƙwallo da jifa kai tsaye, kuma abokin hamayya dole ya ja baya aƙalla mita 2.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba bidiyon wasan, lallai diddigen nasa yana ɗagawa.