Asibiti ko ɗakin bincike, wanne zan fara?

Ummu_Hanan:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan fage. Na gama digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam, yanzu ina aikin mataimakiya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, inda yawancin masu zuwa mana waɗanda suka tsira daga haɗarin mota ne ko gobara. Wata baiwar Allah ta ce min ba labarin haɗarin ke damunta ba, tana iya ba da shi tiryan-tiryan ba ko hawaye. Hoto ɗaya ne tak, fitilar motar da ta yo kansu, yake faɗo mata a ido tana tsakiyar yi wa yaro wanka. Ban daina tunanin maganar nan ba. Me ya sa labari ya kwanta, hoto ya ƙi kwanciya?

Hanya biyu ce a gabana. Ko in shiga horon da zai ba ni lasisin duba marasa lafiya da kaina, ko in yi digiri na uku a binciken ƙwaƙwalwa da tunani. Shugaban sashenmu ya ce taura biyu ba ta taunuwa, in zaɓi ɗaya in manta da ɗayar. Da gaske ne babu mai haɗa su?

Dakta_Zee:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ana haɗawa, sai dai bi da bi. Ki nemi tarihin Emily Holmes, don tambayarki kusan ita ce tata. A Ingila ta yi horon duba marasa lafiya a Royal Holloway ta gama a 2000, sannan ta yi digiri na uku a Cambridge ta gama a 2005. Ta zama farfesa a Oxford, daga baya ta koma ƙasar Suwidin, Karolinska sannan Uppsala.

A wani bincike da aka wallafa a 2009, ita da abokan aikinta sun nuna wa mutane masu lafiya fim mai tayar da hankali. Bayan rabin awa aka ba wasu wasan Tetris, wato wasan kwamfuta na juya tubala ana jera su, na minti goma, wasu aka bar su zaune. A makon da ya biyo baya, waɗanda suka yi wasan ba su sha faɗowar hotunan fim ɗin kamar sauran ba, alhali da aka yi musu tambayoyi a kan fim ɗin sun tuna shi daidai da kowa. Dalilin da suka kawo shi ne, sabon abu yana ɗaukar 'yan awoyi kafin ya zauna daram a ƙwaƙwalwa, kuma juya tubalan Tetris a zuci yana cinye ƙarfin da hoton yake buƙata kafin ya kafu. Da suka gwada wasan kacici-kacici na kalmomi, bai rage komai ba. A 2017 aka wallafa sakamakon gwajin da aka kai ɗakin gaggawa na wani asibiti a Oxford, kan mutum 71 da suka yi haɗarin mota, cikin awa shida da faruwar abin.

Abin da nake so ki lura, wannan tambaya ba a gaban na'ura aka same ta ba. Mai zama da marasa lafiya ne kawai zai ji ana ta cewa "hoto nake gani" har ya gane ba salon magana ba ne. Ni ma asibiti na fara, kuma har gobe shi nake ba mutane shawara su fara.

Mai_Lissafi:

Dakta, a yi min afuwa, amma a ƙarasa mata labarin. A gwajin 2017 ɗin an ga bambanci a makon farko, bayan wata guda kuwa bambancin bai fito fili ba. Masu binciken da kansu sun ce sai an sake da mutane masu yawa.

Malama Ummu Hanan, in kin shiga binciken ƙwaƙwalwa, ki sani lissafi za ki yini kina yi, ba kallon hotuna masu launi ba. Na'urar fMRI, mai ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, ba tunani take gani ba, sauyin iskar oksijin a cikin jini take aunawa, dabarar da Seiji Ogawa ya bayyana a 1990, kuma alamar tana makara da 'yan daƙiƙoƙi bayan jijiyoyin sun yi aikinsu. A 2009 Craig Bennett da abokansa suka gabatar da yadda suka saka mataccen kifi a na'urar, suka "nuna" masa hotunan mutane, lissafin da ba a tace ba ya nuna wai ƙwaƙwalwarsa ta motsa. Da gangan suka fitar da wannan sakamako don su ja kunnen 'yan'uwansu masu bincike. A 2015 aka wallafa sakamakon maimaita bincike 100 na ilimin halayya, kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. A 2022 wata maƙala a mujallar Nature ta nuna cewa danganta sifar ƙwaƙwalwa da halin mutum yana buƙatar dubban mutane, alhali an saba yi da ashirin da wani abu. Ko wace hanya kika bi, fara koyon R ko Python, harsunan kwamfuta da ake lissafin bincike da su, tun yanzu.

Tsohon_Malami:

'Yata, duk su biyun gaskiya suka faɗa miki. Zan ƙara da abin da ba a rubutawa a takardar neman ɗalibai. Bayan digiri na uku, aikin kwantiragi ake yi na shekara biyu ko uku, ya ƙare a nemi wani, sau da yawa a wata ƙasar. Na ga haziƙai sun bar fagen ba don gazawa ba, kuɗin tallafi ne ya ƙare ga iyali. Mai lasisi yana da inda zai koma ya ci gaba da aiki har wani tallafin ya fito. Amma kada ki ɗauka kyauta ne. Ranakun asibiti suna cin ranakun rubutu, kwamitin ƙarin girma kuwa maƙaloli yake ƙirgawa, ba ya ƙirga mutanen da suka samu sauƙi a hannunki.

Mai_Lissafi kuma, kada ka tsorata ta da dubbai. Brenda Milner ta Montreal da mutum ɗaya ta sauya fahimtarmu. Henry Molaison, wanda aka sani da H.M., an yi masa tiyata a 1953 saboda farfaɗiya, aka cire yawancin hifokamfas ɗinsa, wani sashe na ƙwaƙwalwa, ta ɓangarori biyu, daga nan bai ƙara riƙe sabon abu ba. Milner ta sa shi bin layin tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai. Kwana uku yana yi, hannun na ƙara gwanancewa, shi kuma kullum yana cewa bai taɓa yin wannan aiki ba. Daga nan aka gane ƙwarewar hannu da tuna abin da ya faru ba hanya ɗaya suke bi ba. Fensir, takarda, madubi, da mace mai haƙurin zama ta lura.

Ummu_Hanan:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, abin da ke ba ni tsoro shi ne shekaru. In na yi su bi da bi, yaushe zan gama? Babu inda ake haɗa su a shiri ɗaya?

Dakta_Zee:

Akwai. A Amurka tun taron masana halayyar ɗan Adam da aka yi a garin Boulder a 1949 aka tsara cewa mai duba marasa lafiya ya zama mai bincike kuma, don haka digiri na uku a wannan fanni yana haɗa biyun, shekara biyar zuwa bakwai har da shekarar aiki a asibiti. Shiga ne ke da wuya, gurbi kaɗan masu nema da yawa. A Ingila horon asibitin shekara uku ne, da ɗan bincike a ciki, digirin bincike kuma daban ake yinsa. Kafin ki cike kowace takarda, ki nemi izinin kwamitin ɗa'a na wurin aikinku, ki fara tattara bayani a tsare kan hotunan da ke faɗo wa mutanenku: sau nawa a rana, a wane hali, me ke tayar da su. Da wannan za ki rubuta wa malaman da kike so su duba aikinki, ki kuma tambayi ɗalibansu a gefe ko malamin yana amsa saƙo.