Wace ƙasa zan nemi bizarta, Jamus ko Austriya?

Salamu alaikum 'yan uwa, kaina ya ɗaure. A hutun Yuli nake son saɓa jakata in zaga Berlin (Jamus), Prague, Vienna (Austriya) da Budapest ta jirgin ƙasa, kwana 4 a kowane gari. Na san bizar Schengen (bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama) ɗaya ta wadatar, kuma idan kwanakin sun zo daidai, ƙasar da aka fara shiga ake nema.

To ga matsalar: jirgin saman da zan hau zai fara sauka a Vienna, can jami'an shige da fice za su duba min fasfo, bayan awa 3 in wuce Berlin. Wacce ce ƙasar farko ke nan? Kuɗin masauki kuwa na riga na biya, ba a mayarwa. Wanda ya taɓa irin wannan tafiya don Allah ya warware min.